Ramar jariri a makon farko: yadda mai jego za ta gane ko nono yana isar sa

Kusan duk jaririn da aka haifa sai ya rage nauyi a kwanakinsa na farko. Wanda aka ɗora a sikeli ranar haihuwa aka ga kilo 3.2, ba abin mamaki ba ne a sake auna shi a rana ta uku a ga kilo 3 cif. Yana zuwa duniya da ruwa mai yawa a jikinsa, ga baƙin kashin nan mai danƙo da ya tara tun yana ciki. Duk sai ya fitar da su, alhali abin da yake sha a kwana biyun farko bai taka kara ya karya ba. Idan kuma an yi wa uwa ƙarin ruwa da yawa lokacin naƙuda ko tiyata, shi ma yakan samu rabonsa, ya fitsarar cikin kwana ɗaya ko biyu, sai ramar ta yi kamar ta fi yadda take.

Amma abin yana da iyaka. Ragin da ya kai kashi 7 cikin 100 na nauyin haihuwa abu ne da aka saba gani. Tsakanin kashi 7 da 10, sai a zauna a duba yadda yake shan nono. Idan ya haura kashi 10, ranar nan za a ga likita. Ramar takan kai ƙarshenta a rana ta uku ko ta huɗu, daga nan ya fara hawa, kuma yawancin jarirai sukan koma nauyinsu na haihuwa tsakanin kwana 10 da 14.

Matsalarmu a nan Kaduna ita ce waɗannan kwanakin a gida suke samun mu. Wadda ta haihu lafiya a asibiti sau da yawa ba ta kwana biyu ake sallamar ta, wadda ta haihu a gida kuwa wataƙila ba a ma auna yaron ba. Daga nan sai 'yan barka, sai wanka, sai shirin suna, kuma ba lallai jaririn ya sake hawa sikeli ba sai ranar allurar sati shida. Kowa ya ɗauke shi, kowa ya ce tubarkalla, ba wanda ya lura rabonsa da fitsari tun asuba. Saboda haka wannan aikin lura naki ne ke mai jego, da wadda take zaune da ke.

Mataki na farko: riƙe nauyin haihuwa

Kafin ki bar ɗakin haihuwa ki tambaya: "Sista, kilo nawa ne?" Ki tabbata an rubuta a kati, ki kuma ajiye a wayarki. Idan a gida kika haihu, a kai shi asibitin unguwa a ranar ko washegari. Can ne za a yi masa allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna, kuma a ɗora shi a sikeli.

Lissafin iyakar ba wuya. Ki raba nauyin gida goma, ki cire kashi ɗaya. Mai kilo 3 kada ya sauka ƙasa da 2.7. Mai kilo 3.5, iyakarsa 3.15. Mai kilo 2.5, iyakarsa 2.25. Wanda aka haifa bai kai kilo 2.5 ba, ko bakwaini, nasa lissafin daban ne, ma'aikatan asibiti ne za su tsara miki yadda za a bi da shi, kuma kada ki yarda a tafi gida ba a faɗa miki ranar dawowa ba.

Mataki na biyu: awar farko da dakashi

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun daɗe suna nanata a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. A goge shi, a kwantar da shi tsirara a ƙirjinki, a lulluɓe ku tare. A wannan lokacin idonsa biyu, yana neman nono da kansa. Bayan awa ɗaya ko biyu sai barci mai nauyi ya kwashe shi. Wanka zai iya jira har washegari. Tsotson nan na farko ke ma yana miki amfani, don yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Ciwon marar da kike ji idan ya kama nono, aikin ke nan ake yi.

Abin da zai samu shi ne dakashi, mai kauri, ruwan ɗorawa, ɗigo-ɗigo. Har yanzu akwai gidajen da ake matse shi a zubar, wai datti ne, ko a ce a jira sai an wanke nono. Wasu ma sukan tatsa a ɗan ƙoƙo su jefa tururuwa su ga ko za ta fita da rai. Wannan gwajin ba ya nuna komai. Dakashin nan shi ne garkuwar jariri ta farko daga cututtuka, kuma yana tura baƙin kashi ya fita da wuri, abin da ke rage shawara. Ƙarancinsa ma daidai yake da cikin yaron: a rana ta farko, cokalin shayi ɗaya zuwa biyu a kowane sha ya ishe shi. A rana ta uku yakan ɗauki mililita 15 zuwa 30, a ta huɗu ya doshi 60.

Nonon sosai yakan zo tsakanin rana ta biyu da ta huɗu. Yakan yi jinkiri ga mai haihuwar fari, da wadda aka yi wa tiyata, da mai ciwon suga, da wadda ta zubar da jini da yawa, da wadda wani ɓangare na mabiyiya ya maƙale mata. Idan kina cikin waɗannan, ki ƙara sa ido.

Mataki na uku: kamun nono

A nan mafi yawan matsalar take. Jarirai da yawa da ke ramewa fiye da ƙima, nonon yana nan, ɗaukowa ce ta gagare su. Yaro zai yi awa guda a ƙirji yana tsotsar kan nono kawai, uwa tana cije leɓe don zafi, kowa yana ganin ai yana sha, alhali abin da ya shiga cikinsa bai fi a ƙirga ba.

Ki zauna ki jingina bayanki. Idan ɗinki ya hana ki zama, ki kwanta ta gefe. Ki juyo da shi gaba ɗaya, cikinsa ya haɗu da cikinki, kunne da kafaɗa da ƙugu su miƙe a layi ɗaya. Mutum ba ya iya haɗiya da wuya a karkace. Ki tallafe wuyansa da kafaɗunsa, kada ki danna ƙeyarsa. Hancinsa ya yi saiti da kan nonon. Ki shafa masa kan nonon a leɓen sama, ki jira. Wannan jiran shi ne sirrin. Zai fara ɗan buɗe baki, kada ki yi hanzari. Sai ya hangame kamar mai hamma, sannan ki jawo shi da sauri zuwa gare ki, haɓarsa ta fara taɓa nonon. Shi ake kawowa wurin nono, ba ke za ki sunkuya ki kai masa ba.

Sai ki duba. Bakin a buɗe yake sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓa ta nutse a nonon, kuma baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Kumatunsa a cike suke, ba sa loɓawa ciki. Da farko zai yi tsotso ƙanana da sauri, sai ya koma ja mai tsawo a hankali: haɓa ta sauka, ta ɗan tsaya, ta koma. A wannan ɗan tsayawar yake cika baki. Idan ɗakin ya yi shiru za ki ji wani ɗan sauti daga maƙogwaronsa, kamar "kah", haɗiya ke nan. Wanda bakinsa ke ta mui-mui ba haɗiya, ko kike jin yana ƙyas-ƙyas da harshe, bai kama daidai ba.

Ɗan zafi a farkon kamu na iya faruwa a makon farko. Zafin da ya ci gaba har ƙarshe, ko kan nono ya fito a lanƙwashe, ko ya tsage yana jini, duk alamun kamu mara kyau ne. Ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta ta gefen bakinsa ki saki kamun, ki sake daga farko, ko sau nawa ne. Idan an gyara an gyara abin ya ƙi, a nuna wa likita ya duba ƙasan harshensa ko akwai linzami, wato zaren da ke ɗaure harshe, ya duba ganɗarsa ko a tsage take. Ba aikin aska ba ne a zaure.

Riƙon nan na almakashi, a matse nono tsakanin yatsu biyu dab da bakin yaro don kada hancinsa ya toshe, yana janye nonon daga bakinsa. Idan kin matso da ƙugunsa jikinki, kansa zai ɗan ɗaga, hancin ya sami hanya da kansa.

Mataki na huɗu: sau nawa

Aƙalla sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, dare da rana. Kada ki jira kuka. Da ya fara motsa baki, ko kai hannu baki, ko juya kai yana lalube, lokaci ya yi. Ki bar shi ya gama da nono ɗaya ya saki da kansa, sannan ki miƙa masa ɗayan. Nono gwargwadon yadda aka cire shi yake ƙaruwa, wanda aka bari a cike kuwa jiki yakan ɗauka ba a buƙata.

Dare na biyu yakan zo da rigima. Yaron da ya wuni yana barci sai ya ƙi sauka daga ƙirji, a ajiye shi ya tsala kuka. A wannan daren ne ake yawan cewa "yunwa yake ji, ba ta da nono," a dama gulukos. Alhali nacinsa ne ke kiran nonon ya zo.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ake yabo, "ɗan albarka, ba ya kuka, sai barci." Jaririn da bai ƙoshi ba yana iya rasa ƙarfin kukan ma. Har sai ya koma nauyinsa na haihuwa, kada ya wuce awa 3 bai sha ba; ki tashe shi. Ki cire masa hula da safa da shawul da tawul ɗin da aka naɗe shi ciki, ki bar shi da nafkin kawai a kan fatar ƙirjinki, ki shafa tafin ƙafarsa. Da hunturu sai ki ja bargo ki rufe ku biyun, ɗumin jikinki ya fi kaskon garwashi, wanda hayaƙinsa a rufaffen ɗaki yana iya kisa. Idan ya fara gyangyaɗi a tsakiyar sha, ki tallafi nonon ki matsa shi a hankali ki riƙe. Da ya ji ruwa ya ƙaru zai ci gaba da haɗiya.

'Yan barka kuma a yi musu uzuri, su ma su yi miki. Idan kunya tana hana ki buɗe ƙirji a gaban surukai, ki shige ƙuryar ɗaki da ɗanki. A nan ya kamata maigida ko yayarki su tsaya miki.

Mataki na biyar: ƙirga abin da ya fita

Ba ki da sikeli a gida, amma kina da nafkin. Fitsari aƙalla ɗaya a rana ta farko, biyu a ta biyu, uku a ta uku, haka yake hawa, har daga rana ta biyar ya zama sau 6 ko fiye a kwana ɗaya, fari ko ruwan ɗorawa mai haske. Famfas yana shanye fitsari ya ɓoye, don haka ki shimfiɗa ɗan farin ƙyalle ko tishu a ciki. Masu amfani da tsumma sun fi sauƙin ganewa. Wani lokaci za ki ga ɗan tabo ja-ja kamar garin jan bulo. A kwana biyun farko ba komai, amma idan ya kai rana ta huɗu yana nuna ruwa bai ishe shi ba.

Kashi ya ma fi fitsari faɗin gaskiya. Baƙi mai danƙo a kwana ɗaya zuwa biyu, kore-kore a rana ta uku, zuwa ta huɗu ko ta biyar ya koma ruwan ɗorawa mai laushi da ɗan gudaji-gudaji, sau uku ko fiye a rana. Wannan ba gudawa ba ce. Jaririn da har rana ta biyar baƙin kashi yake yi, ko ya kwana ya wuni bai yi ba a makon farko, a duba shansa.

Ki sami takarda ki riƙa ja mata layi duk sha, duk fitsari, duk kashi. Mai jego ba ta samun barci, kwanaki sukan cakuɗe mata.

Mataki na shida: komawa awo

Ana so a ga mai jego da jaririnta a rana ta uku, a sake gani tsakanin kwana 7 da 14, sannan a sati shida. Ziyarar rana ta uku akan tsallake ta, kuma ita ta fi muhimmanci ga wannan magana. Al'adar zaman ɗaki har arba'in ba ta hana zuwa asibiti. Ki je inda aka fara auna shi idan da hali, don sikeli da sikeli sukan saɓa, kuma a tuɓe shi tsaf. Kayan sanyi da jiƙaƙƙen famfas suna iya ɓoye ramar gaba ɗaya. Ki roƙi ma'aikaciyar ta tsaya ta kalli yadda kike shayarwa daga kamu har saki. Awo na biyu ki sa shi bayan suna da kwana biyu ko uku.

Idan an ce ya rame da yawa

Kada ki tsorata, kuma kada a tsaya neman mai laifi. Likita zai duba ko akwai rashin ruwa, shawara ko wata cuta. Idan lafiyarsa ƙalau, abin da za a yi uku ne a jere, duk awa biyu zuwa uku: ya sha a ƙirji da kamu mai kyau, ki tatsa, a ba shi abin da kika tatsa.

Ga yadda ake tatsa. Ki wanke hannu da sabulu, ki ɗauraye kofi mai faɗin baki da tafasasshen ruwa. Ki ɗora babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, kamar faɗin yatsu biyu daga kan nonon. Ki tura su baya wajen ƙirjinki, ki matse su a hankali, ki saki, ki maimaita. Kada ki ja kan nonon, kada yatsun su riƙa zamewa a kan fata. Idan wuri ɗaya ya daina zuba ki zagaya. Dakashi a cokali ake tarar sa. Wajen ba shi, a zaunar da shi a cinya a ɗan tashe, a ɗora bakin ƙaramin kofi a leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓen, shi zai lasa da kansa. Ba a ɗura wa jariri. Nonon da aka tatsa yana iya kai awa 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi. Da zafin Maris da Afrilu kuwa a ba shi da wuri. Firji sai in wutar ta tsaya.

Wannan tatsar ita ce kuma maganin nonon da ya cika ya yi tauri har yaro ya kasa kamawa. Ki rage kaɗan wurin ya yi laushi, sannan ki sa shi.

Akwai lokacin da nonon uwa bai isa ba duk da ƙoƙari, likita ya ce a ƙara da madarar jarirai ta gwangwani. Wannan ba abin kunya ba ne, yaro dai ya ci. A bi ma'aunin da ke jikin gwangwanin daidai, da ruwan da aka tafasa, kada a tsinka ta don ta yi auki. A ba shi a kofi bayan ya sha nono, ke kuma ki ci gaba da tatsa. Kwalbar fida tana da wuyar wankewa, kuma wasu jariran in sun saba da ita sai su ƙi ƙirji. Madarar shanu, ta akuya ko ta shayi ba abincin jariri ba ce.

Ruwa, zuma da sauran abin da ake ɗura wa jarirai

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, kuma ruwa na cikin manyan abubuwan da ke karya lissafin. Hujjar kullum ita ce zafi: "Ke kina shan ruwa, shi ba rai gare shi ba?" Nono kansa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne. Cokalin ruwa yana cinye gurbin cokalin nono a ɗan cikin nan, ba ya ƙara masa ko giram ɗaya, yana rage tsotso, ga haɗarin gudawa. Idan ana zafi, nonon za a ƙara ba shi. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai shekara ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai. Sunnar dabino ɗan shafawa ce a ganɗa, ba a ce a jiƙa a riƙa ba shi da cokali ba.

Iyayenmu da ke ba da waɗannan abubuwa ƙauna ce ta sa su, kuma gardama ba ta cin su. Abin da ya fi aiki shi ne ki jawo su cikin lissafin: "Hajiya, a asibiti sun ce mu ƙirga fitsarinsa, in ya kai shida ruwa ya ishe shi. Don Allah ki taya ni lura." Ranar awo kuma ku tafi tare ta ji da kunnenta.

Cire beli da wanzami ke yi a makon farko shi ma yana shiga wannan magana kai tsaye. Jaririn da aka yanka a maƙogwaro zai ƙi tsotso don raɗaɗi a daidai kwanakin da ya kamata ya fara hawa, ban da zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Ya yi askin suna, a bar masa wuyansa.

Ke kanki ki ci ki ƙoshi, ki sha ruwa duk sanda kika ji ƙishi. Kunun gyada, kunun tsamiya, farfesu, duk suna da kyau, sai dai ba su ke kawo nono ba in ba a tsotsa. Kunun kanwa dai a yi hattara: tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Kumburin ƙafa, haki, ko kasa kwanciya sai a zaune, asibiti ne.

Alamun da ba a kwana da su

Jariri ya ƙi kama nono sau biyu a jere, ko ya yi laushi ba ya tashi ko an tashe shi. Bakinsa ya bushe, maɗigarsa ta faɗa, ko ya yi awa 12 ba fitsari bayan rana ta biyu. Jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau. Numfashi da sauri, ko haƙarƙari na shiga ciki, ko jijjiga. Idonsa da fatarsa su yi ɗorawa tun ranar farko, ko shawarar ta sauko har ciki, cinya da tafin hannu. Shawara da ƙarancin sha suna tafiya tare: wanda bai sha ba ba ya kashi, shawara ta ƙaru, ta sa shi barci, ya ƙara ƙin sha. Shanya shi a hantsi ba ya magance mai tsanani, kuma a raba kayansa da kafur, don yana tsananta ta ga wasu yara.

Ko tsakar dare ne a nemi mota. Asibitin koyarwa na Barau Dikko yana cikin gari, akwai Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, da Gwamna Awan a Kakuri, da babban asibitin Kawo. Na wajen Zariya kuma ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A hanya ki sa shi a ƙirjinki fata da fata, in zai iya sha ki ba shi, ki riƙo katin haihuwa da takardar nan da kike ja wa layi.

Idan kuwa awon mako na biyu ya nuna ya koma nauyinsa, sai ki sassauta tashin dare ki bar shi ya riƙa nema da kansa. Daga nan ana sa ran ya ƙara giram 150 zuwa 200 ko fiye a kowane mako cikin watanni ukun farko. Wanda ya cika kwana 14 bai koma ba, ko da yana da kuzari, a mayar da shi a sake duba shansa, a sa ranar wani awon cikin 'yan kwanaki, kada a bari sai allurar sati shida.